Gam ko walda: gyaran jikin tsohuwar Caprice a zafin Jidda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Chevrolet Caprice ƙirar 1985 da na gada wajen mahaifina. Tsatsa ta cinye gindin ƙofofin baya, ta kuma huda ƙasan motar daidai ƙafar direba. Samkarin (mai gyaran jikin mota) da nake kai wa aiki a sina'iyya (unguwar masu gyaran motoci) ya ce walda za ta lanƙwashe ƙarfen ƙofa, gara a manna sabon bango da gam. A shago an nuna mini silikon, da Sikaflex, da wani na kamfanin 3M mai tsada. Wanne zan ɗauka? — Wani Alhaji daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan Baba. Samkarinka ya yi gaskiya a kan ƙofofi, amma kada ya kai maganar nan ƙasan mota.

Bangon ƙofa na waje siriri ne kuma shimfiɗaɗɗe, da wuta ta taɓa shi sai ya yi tudu da kwari, a dawo ana cike shi da ma'ajun, wato ƙullun da ake cike lotsawar mota da shi. Ga shi walda tana ƙone abin da ke kare ƙarfe ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa, kuma ka san iskar Jidda da laima da gishirin teku: nan tsatsar za ta sake farowa. Gam kuwa yana riƙewa, yana kuma toshe bakin haɗin gaba ɗaya. Don haka bangon ƙofa da rufin mota aikinsa ne. Ƙasan mota daban. Nan kujera take ɗaure, nan jiki yake zaune a kan shasi. A yanke ruɓaɓɓen wurin, a sa sabon ƙarfe, a yi walda. Haka ginshiƙan ƙofofi da shasin kansa, ko kusa kada gam ya je.

Cikin ukun da aka nuna maka, silikon ka bar musu kayansu. Ba ya ɗaukar fenti, kuma mai warin tsamin nan shi da kansa yana jawo tsatsa. Sikaflex kaya ne mai kyau, sai dai wanda aka fi sayarwa a shaguna na toshe kafar ruwa ne, yana nan da taushi kamar roba ko ya bushe. Wanda kake nema shi ne ifoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, wanda aka yi musamman don jikin mota. Na 3M lambarsa 08115, kwalba biyu manne da juna, mililita 200. Akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi a cikinsa, su ne suke hana matsi ya tatse gam ɗin duka ya bar ƙarfe a kan ƙarfe. Fusor da SEM ma suna da irinsa. Tsadar ba ta banza ba ce.

Yanzu ga inda ƙasar nan take kayar da mutane. Kamfanin ya rubuta minti 90 na aiki, awa 4 a matse, awa 24 kafin ya gama kamawa. To wannan lissafin wuri mai sanyin digiri 23 ne. Ifoksi zafi ne ke sa shi saurin kamawa, kuma a ƙiyasin masu sana'ar, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. A warsha, wato gareji, mai rufin kwano a watan Yuli, kafin samkari ya gama neman maƙalansa na matse ƙarfe gam ya fara tauri. A yi aikin bayan asuba ko da dare, a inuwa, a gwada zaman bangon a bushe tukuna, a jera maƙalai kusa da hannu. Ka duba ranar ƙarewar da ke jikin kwalbar, kuma in ka ga a bakin ƙofar shago aka jibge su rana tana duka, wuce gaba.

Ka tsaya a kan samkarin ya goge ɓangarorin biyu har farin ƙarfe, ba fenti ba tsatsa ko ɗigo. Ya zubar da na farkon da ya fito daga bututun haɗawa, sai launin ya zama ɗaya. Ya shafe duk inda ya goge da gam, sannan ya ƙara layi guda a kai. In an ɗora bango bai zauna daidai ba, a zame shi a hankali, kada a ɗaga, iska za ta shiga.

Abu ɗaya da masu shago ba sa faɗa: in gindin ƙofar kawai za a yanke a yi faci, kada a haɗa tsakiyar da gam. Ƙarfe da gam ba sa buɗewa daidai da juna a zafi. Mota za ta fito daga fenti sumul, ta yi wata biyu a rana, sai ka ga siririn layi ya bayyana a ƙarƙashin fentin, musamman in launin mai duhu ne. Ko dai a canza bangon duka a manna shi a gefuna inda kamfanin motar ya naɗe, ko a yi wa layin tsakiyar walda ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa, a bar tazarar santimita 5 tsakanin wuta da gam.

TAMBAYA: Yaya, ni rami ɗaya ne a bayan Datsun ɗina, bai kai tafin hannu ba. Bindigar matsa gam ɗin nan ta fi ƙarfin aljihuna. J-B Weld zai yi? — Wani matashi daga Makka

AMSA: Ƙanena, J-B Weld, wato ƙaramin ifoksin nan da ake gaurayawa da hannu, zai riƙe ɗan faci ta ciki in ka goge wurin tas, amma ba a yi shi don dogon haɗi ba. Kuma kada ka sayi bindiga saboda rami ɗaya. Kai wa mai walda ya sa maka ɗan ƙarfe, ka shafe bayansa da fentin hana tsatsa tun ranar.