Wadrob ɗina cike da kaya amma kullum ban san me zan saka ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 26, bara na fara aiki, wadrob ɗina cike yake da kaya wallahi har ba ya rufuwa amma kullum da safe sai in tsaya ina kallonsu ban san me zan saka ba, ƙarshe dai in koma kan riguna uku huɗun nan da na saba. In na ga sitayil a Instagram ya burge ni sai in kai wa tela hoton ya ɗinka min sak, amma ina sakawa sai in ji kamar aro na yi. Ƙawayena kowacce da irin shigar da aka san ta da ita, ni kam yau nan gobe can. Ta ya zan gane salon da yake nawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kinga riguna uku huɗun nan da kike komawa kansu kina ganin kamar gazawa ce? To daga nan za mu fara, don su ne tushen salonki. Jikinki ya daɗe da zaɓar abin da yake so, idonki ne dai yake ta yawo a waya bai tsaya ya duba ba.

Ki samu ranar da ba ki da aiki ki fito da su ki shimfiɗa a kan gado, ki ɗauki biro da takarda ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Wuyan wane iri ne, zagayayye ne ko mai tsini, hannun a ina ya tsaya, gwiwar hannu ko wuyan hannu, an tsuke ƙugun ko an sake shi, tsayin fa, yadin mai nauyi ne da ke sauka da kansa ko mai tauri ne da ke tsayawa, kala ɗaya ce ko mai zane. Za ki yi mamaki, sau da yawa sai ki tarar dukkansu kusan yanka ɗaya ne kala ce kawai ta bambanta. Daga nan sai ki koma kan waɗanda ba kya sakawa, nan ne aikin yake, kuma kar ki ce min "ba ta yi min kyau ba" kawai, ki saka ta ki tsaya gaban madubi ki nemo ainihin laifinta. Wata in kin ɗaga hannu tana cin hammata, wata zif ɗin yana sukar bayanki in kin jingina da kujera, wata sai kin daɗe kina guga kafin ta kwanta shi ya sa da safe hannunki ba ya zuwa kanta, wata kuma kina fara gumi ta manne miki a jiki. Yawancin kayan da ake jingewa masu kyau ne fa, takura ce ta sa aka guje su.

Wannan na mannewar ma akwai dalili. Auduga tana riƙe danshi kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ta kaiwa, to gumin bai da inda zai je sai ya zauna tsakanin fatarki da rigar. Lilin yana da sanyi sosai amma yana yamutsewa daga zama ɗaya, in ke mai son kaya su tsaya cas ce har yamma to zai ɓata miki rai komai kyansa. Ki riƙa juya riga kina karanta ɗan ƙyallen nan da ke cikin ɗinkin gefe, an rubuta abin da aka yi ta da shi da yadda ake wanke ta, mutane da yawa ba sa ko kallonsa.

Maganar hoto kuwa, telanki bai da laifi in har ya ɗinka yadda yake. Wadda kika gani a hoton ta tsaya ne a tsayuwar da aka zaɓa mata, da hasken da aka gyara, wani lokacin ma an kama rigar ta baya da abin maƙalewa don ta zauna ɗas, ga tsayinta ba naki ba kafaɗarta ba taki ba, yadin ma da wuya ya zama iri ɗaya. Ke kuma za ki zauna da ita, ki hau mota, ki sunkuya, ki wuni a ciki. Hoto yana da amfani amma ba ɗaya tal ba, ki tara kamar 30 da suka burge ki a wuri ɗaya ki bar su sati biyu, sannan ki dawo ki duba me yake ta maimaita kansa. In 20 daga ciki dogayen riguna ne marasa tarkace to kin samu amsa, sai ki gwada su da abin da kika rubuta a takarda, inda suka haɗu nan ne naki. In kuma za ki je wajen tela ki tafi masa da rigar da ta fi zama a jikinki ya ɗauki awo a kanta, daga hoton ki ɗauki abu ɗaya kawai, ko hannu ko wuya.

Kala kar ki gwada ta a hasken shago, fitilu suna canza ta. Ki tsaya kusa da taga da rana ba kwalliya a fuskarki, ki kara yadin a ƙarƙashin haɓarki ki kalli fuskar, ki manta da yadin. Wadda ta karɓe ki za ki ga idonki ya yi haske fatar ta yi sumul, wadda ba ta karɓe ki ba sai ƙasan idonki ya yi duhu kamar ba ki yi barci ba. Ni dai ban yarda da zancen wai baƙar fata ba ta saka kaza, mai jiki ba ta saka kaza ba, ya hana mata da yawa abin da zai yi musu kyau, madubi da hasken rana sun fi waɗannan dokokin gaskiya.

Saiz ma kar ki dogara da lambar da ke wuyan riga don kowane kamfani da nasa awon, ki san naki da tef, kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsayi. Kafaɗa za ki fara dubawa, ɗinkin ya tsaya daidai inda ƙashin ya ƙare, rage tsayi ko tsuke gefe abu ne mai sauƙi amma kafaɗar da ta zarce gyaranta wahala ne.

Sai abin da nake so ki riƙe sosai, ƙawayen naki da aka san su da shigarsu maimaitawa suke yi, shi ya sa aka san su. Kar ki ji kunyar a gan ki da irin yanka ɗaya. Marigayi Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya yi shekara da shekaru yana saka baƙar riga mai dogon wuya ta Issey Miyake, mai tsara tufafi ɗan Japan, da wandon jins, Barack Obama ma ya faɗa a 2012 cewa kwat ruwan toka ko shuɗi kaɗai yake sakawa don ya rage wa kansa zaɓe-zaɓe. A 1985 Donna Karan, wata mai tsara tufafi a Amurka, ta fito da kaya guda 7 kacal da mace mai aiki za ta yi ta jujjuya su da juna, kuma abin ya karɓu sosai. Ba cewa nake ki koma kala ɗaya ba, sam, ke yarinya ce ki ɗau wankanki yadda kike so, amma a ce akwai wani abu da in an gani a ce wannan irin na wance ne.

Ki kuma duba satinki da gaskiya. In kwana 5 kina wajen aiki to rabin wadrob ɗinki ko fiye ya zama na aiki ne, yawancinmu mun cika shi da kayan fita na musamman da sai an yi wata ba a taɓa ba sannan mu ce ba mu da kaya.

Yanzu ki dakata da siyan komai na wata ɗaya tukunna. Ki juya duk hangoginki baya, duk wadda kika saka kika wanke ki mayar da hangarta daidai, bayan wata 3 za ki ga wadda aka taɓa da wadda ba a taɓa ba. Waɗanda laifinsu ƙarami ne kamar tsayi ko zif a gyara su, sauran ki bayar tun suna da kyansu wata ta mora. In kin dawo siyayya kuma wani abu da ake yayi ya ja hankalinki ki gwada shi mana, amma guda ɗaya, kuma kafin ki biya ki lissafo abu uku da kike da su a gida da zai shiga da su, in kin kasa ki ajiye shi ki ba shi sati ɗaya ki gani ko har yanzu yana ranki.