Amsata kan wankan jego da kunun kanwa

Wa alaikumus salam 'yata, barka da arziki, Allah ya raya mana ya sa mahaddaciya ce. Na saurari saƙonki sau biyu jiya da daddare bayan isha'i, na ce bari dai in zauna in rubuta miki a tsanake don ki samu abin nuna wa maigidanki, maganar ta fi ƙarfin a yi ta a waya ana katsewa. Kin ce surukarki ta iso unguwarku Nima a Accra da ƙullin jar kanwa da gero, ta ce safe da yamma za a yi miki wankan tafasasshen ruwa har arba'in kuma kunun kanwa kofi uku a rana, ke kuma a watan haihuwarki an ce miki jininki ya hau har 150/95, shine kike tambaya ta wai dole ne a al'ada, in kin ƙi kin yi rashin kunya? Sai kuma batun ƙwayar asibiti da kika ajiye.

Toh ki saurara. Ni an yi min wankan nan a haihuwa 6, na yi wa wasu da hannuna nan Aboabo a Kumasi tun kafin in shiga aikin ungozoma a asibiti, don haka ba wadda za ta ce min ban san daɗinsa ba. Jego gata ne. Kwana 40 ba ki ɗaukar bokiti, ba ki tsugunno a murhu, a dafa a kawo miki, ga kauri ga yajin daddawa ga gasasshen nama, tsohuwa na gefenki tana lura da jinin da ke zuba da yadda jaririya ke kama mama. Matan da ba su da wannan gatan ina ganinsu, kwana 5 da haihuwa sun koma kasuwar Kejetia da tire a kai. Wannan ɓangaren kar ki yarda ki saki ko ɗaya, kuma surukarki da ta baro gidanta ta zo ta yi miki hidima ƙauna ce ta kawo ta.

Amma kanwa, a'a. Ke musamman, a'a.

Kanwar nan da kakanninmu fatake ke ɗaukowa daga wajen Borno a kan jakuna su kawo kasuwar Salaga a arewacin Ghana su koma da goro, 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ɗin da ke cikin gishirin miya shine ya cika ta, ko da yake ba ta yi miki ɗanɗanon gishiri a baki. Shi kuma aikinsa a jiki riƙe ruwa. Lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi don ya ishe ta da ɗanta, in ta sauka sai jiki ya shiga zubar da wannan rarar, shi ya sa kike ta fitsari da gumi kwanakin nan, ba ciwo bane. To a daidai lokacin da jiki ke son fitar da ruwa sai a dinga ɗura masa abin da ke tare ruwan, sannan a zo a watsa miki ruwa mai tururi a rufe ɗaki, jijiyoyi su buɗe zuciya ta ƙara gudu. Zuciyar da ta yi wata 9 tana aikin mutum biyu fa. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai gram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, ki lissafa da magin miya da na yajin jego da kobi, wato busasshen kifi mai gishiri, da yajin shito ɗin da kuke zubawa a waakye, shinkafa da waken nan, kafin ma a zo kan kunu kin wuce.

Ba yau aka gano ba. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura matanmu na ta zuwa da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa, yawan da ba a saba gani ba a wasu wurare, suka bi diddigi suka ga kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Daga baya likitocin zuciya a Kano suka nuna ba al'adar kaɗai bace, akwai rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na ciki, don mata da yawa sun sha sun tashi lafiya kamar ni. Amma wadda jininta ya riga ya hau tana cikin waɗanda abin ke kamawa, kuma ke ce wannan.

Akwai wata yarinya a gidan da muka yi haya da, haihuwar fari, ban manta ta. Wajen sati 3 da suna na shiga ɗakinta na tarar ta jingina da bango da filo uku, ta ce in ta kwanta flat numfashi sarƙe mata yake, ga tari da dare. Na danna ƙaurinta da babban yatsa, ramin ya zauna kamar na danna tuwo bai taso ba. Tsofaffin gidan suka ce sanyi ne ya shige ta, wankan bai gasa ta ba, aka ƙara wuta aka ƙara kanwa, da zuciya ɗaya suka yi wallahi, abin da suka gada kenan. Da ƙyar na sa mijin ya nemo tasi. Ruwa ne ya taru mata har huhu. Ta rayu alhamdulillah amma har yau tana kan magani, kuma likita ya ja mata kunne kan sake ɗaukar ciki, yarinyar da lokacin ba ta kai 20 ba. Duk lokacin da na ji an ce sanyi ya shiga mai jego ita nake tunowa.

Don haka ga yadda za a yi. Wanka a yi, da ganyen darbejiya ma in ana so, amma a surka, ki tsoma gwiwar hannunki, in ba za ta iya zama a ciki ba jikinki ma bai kamata ya sha shi ba, na sha wanke ƙunar ruwan jego a cinya da mama. Wajen ɗinkin nan ruwa mai ɗumi da tsafta ya isa. A bar taga a buɗe, zafin Nima kaɗai ya ishi mutum. Kunu kuwa a dama na gero da citta da kanumfari ba kanwa, ko na tsamiya, ko na gyaɗa, ko kokonku na safe. In an ce sai da kanwa nono ke zuwa, ba haka bane, yawan tsotson jaririya dare da rana shi ke kawo shi, sai ki ci ki ƙoshi ki sha ruwa. Ita kuma nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, zuma kam sai ta shekara.

Ƙwayar ƙarin jinin da kika ajiye don bayan gidanki ya yi baƙi, ki koma mata yau. Baƙin nan ƙarfen da ke cikinta ne, ba illa. Kin zubar da jini wajen haihuwa, ana so mai jego ta ci gaba da sha sati 6 zuwa 12. Ki sha da lemun zaƙi, kar ki kora da shayi don shayi na hana jiki zuƙar ta. Malt da madarar gwangwani da ake ta kawo miki ba sa ƙara jini, suga ne, hanta da kifi da wake da ƙwai da zogale da kontomire, wato ganyen gwaza, su ne abin. Shi kuma haɗin mai jegon da kika gani a TikTok na sidi ɗari biyu, kwalbar da ba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, ba a rubuta abin da ke ciki ba, ki bar shi, kina shayarwa, abin da kika sha yana iya kaiwa ga yarinya.

Kar ki ce sai arba'in za ki fita. Ganin nas na cikin sati biyun farko da na sati 6 duk ki je, katin inshorar lafiyarki ya ɗauke, tun 2008 aka sa kula da masu ciki da masu jego kyauta a ƙarƙashinsa. Hawan jinin ciki ba ya tafiya ranar haihuwa, wani ma bayan an sauka yake tashi. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin ƙafa ko fuska, haki in kin kwanta, bugun zuciya, zazzaɓi, jini mai yawa, ko ɗaya kika ji ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti, kar a tsaya dafa ruwa.

Surukarki kuma kar ki yi musu da ita, ba bakinki bane. Ki karɓi kanwar da hannu biyu ki yi godiya, maigidanki ya same ta su biyu ya ce Hajiya likita ya hana ta gishiri da kanwa saboda hawan jini, ranar awo kuma ki roƙe ta ta raka ki ta riƙe jikarta, ta ji daga bakin nas. Uwa ce, ba ta son abin da zai taɓa ki. Ni ma zan kira ta gobe bayan azahar mu gaisa, tsakaninmu tsofaffi maganar ta fi sauƙi.

In Allah ya yarda ranar Asabar ina hanya, a turo wani ya tare ni a tashar Circle don da kaya nake tafe, na sa an surfa gero an daka miki yaji mara magi. Kafin nan ki aika a kira mai kemis ɗin layinku ya zo da abin awo ya gwada jininki yau ɗin nan, ki turo min lambobin biyu duka, ta sama da ta ƙasa.