Kafin Ka Nausa Daji da Ƙafa: Amsoshin Wasiƙunku

Kawu, mu biyar za mu hau Dutsen Kufena ranar Asabar. Dole sai na sayi takalmin kanti? Ɗalibi daga Samaru, Zariya.

A'a, ɗana. Kambas na gwanjo mai kauri, wanda ya rufe idon sawu, ya ishe ka. Sai dai kar ka saya Juma'a ka sa Asabar, zai ɗaye maka dunduniya. Ku fita bayan asuba, kowa da ruwan leda aƙalla shida, da dogon wando saboda ƙarangiya.

Wane launin riga ne ya fi fitowa a hoto a kan dutse? Wani daga Jos.

Malam, tambayi telanka.

Na sayi dutsen maciji a tasha, mai shi ya ce yana zuƙe dafi. In tafi da shi? Manomi daga Gombe.

Kuɗinka dai sun tafi. Baƙin abin nan galibi ƙashi ne aka ƙona, yana manne wa ciwo ne kawai don yana tsotsar danshi, dafin kuwa tuni ya bi jiki. Abin da ke ba ni haushi da 'yan tallan nan, lokacin mutum suke ci: yana zaune yana jiran dutse ya faɗo, kububuwa tana aikinta. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai ka ga dasashi yana zubar da jini, wani ma har a fitsari. Kai da kake kusa da Kaltungo, inda ake da asibitin saran maciji! Idan tsautsayi ya faɗa, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure da igiya ko roba. A cire zobe da agogo, a hana mutum takawa, a ɗauke shi zuwa asibiti a yi masa allurar kashe dafi. Da takalmin danƙo da tocila ka saya, musamman lokacin kaka.

Ɗana ya matsa sai ya bi abokansa yawon ƙauye, ni kuma na kasa barci. Wata uwa daga Kano.

Hajiya, tsoronki ba laifi ba ne, dazuzzukanmu ba kamar da suke ba. Ki sa shi ya gaya miki sunan ƙauyen, su fara gaida mai unguwa, su nemi ɗan gari ya yi musu jagora. In mutanen wurin suka ce kar a bi wata hanya, magana ta ƙare. Ya cika wayarsa da caji, su juyo kafin la'asar.