Minti 25 Na Aiki, Biyar Na Miƙewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina rubuta bahasin kammala karatuna. Nakan zauna gaban kwamfuta tun bayan Asuba har kiran Azahar, amma da ƙyar nake cika shafi biyu, ga idona yana min yaji. Akwai manhajar da za ta taimake ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a gama lafiya. Manhajoji suna nan birjik, amma agogon da ke cikin wayarka ya ishe ka.

Akwai dabarar da ake kira Pomodoro. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi kamarka, da wani ɗan agogon girki mai siffar tumatir, kuma tumatir ɗin ne ma'anar sunan da Italiyanci. Ka saita minti 25, ka riƙe abu ɗaya tak, misali tace hadisan babi guda. Agogo na bugawa ka tashi minti biyar. In ka yi haka sau huɗu, ka huta minti 15 zuwa 30.

Wurin hutun ne mutanenmu ke kuskure, kuma abin yana damuna. Mutum ya ɗauke ido daga kwamfuta ya ɗora a kan waya, ya buɗe WhatsApp, ya tarar da saƙon murya daga gida, kafin ya farga rabin awa ta tafi, idon kuma bai huta ba. Tashi za ka yi tsaye, ka kurɓi ruwa, ka jefa dabino biyu a baki, ka leƙa taga. Masana lafiyar ido suna ba da shawarar duk bayan minti 20 a kalli abin da ke nesa kamar mita shida na daƙiƙa 20. Mai kallon allo yana rage ƙifta ido, ga sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana ƙara busar da shi, shi ya sa kake jin yajin nan.

Yayin aiki ka kunna Focus mode, wato tsarin da ke hana saƙonnin manhajoji ɗauke maka hankali, da ke cikin Digital Wellbeing a saitin waya in Android ce, ko Focus a iPhone, ka kife wayar nesa da hannunka. Windows 11 ma tana da Focus sessions a cikin manhajar Clock.

In minti 25 ya yi maka kaɗan, ka mai da shi 50 da hutun 10. Yajin idon kuwa in ya ƙi lafawa bayan mako guda, ka je likitan ido ya duba ka.