Tafiyar kilomita 2,400 da iyali a mota: kwana uku za su isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya da iyalina a mota zuwa wata ƙasa, kuma sai mun ratsa iyakoki biyu kafin mu isa. Mu shida ne: ni da maiɗakina, mahaifiyata mai shekara 67 da ke fama da hawan jini, da yara uku, mai shekara 11, mai 6, da jaririya 'yar wata 10. Nisan ya kai kilomita 2,400, taswirar waya kuma ta nuna awa 32. Na tsara kwana uku, ni kaɗai zan tuƙa. Motar mai kujera bakwai ce, lafiyarta ƙalau, sai dai a takarda da sunan yayana take. Me ya kamata in tanada, kuma kwana ukun za su isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwana uku ba za su isa ba, kuma ina roƙonka ka cire wannan lissafin daga ranka tun yanzu. Awa 32 ɗin da wayar ta ba ka lissafin mota ce da ba ta tsayawa shan mai, ba ta ɗauke da jaririya, ba kuma wanda ya tsare ta a ofishin kwastan. Idan ka raba su gida uku, kusan awa 11 ke nan kullum kana riƙe da sitiyari. A ƙasashen Tarayyar Turai, direban babbar mota, wanda tuƙi ne sana'arsa, doka ta tsayar masa da awa 9 a yini, kuma tilas ya huta minti 45 bayan awa huɗu da rabi. Kai da ba sana'arka ba ce, ga mahaifiya ga goyo, bai kamata ka ɗora wa kanka abin da aka hana ƙwararre ba.

Ga yadda nake lissafa wa masu iyali. Idan aka haɗa da tsaye-tsaye, da wuya ka wuce matsakaicin kilomita 60 a awa. Awa bakwai a hanya za su ba ka kamar kilomita 420, wato kwana shida ke nan na tafiya zalla. Kowace iyaka ka ba ta rabin yini, biyun sun zama kwana guda. Sai ka ajiye wani kwana ɗaya da ba ka tsara masa komai ba, don zazzaɓin yaro ko taya da ta fashe. Kwana takwas. Idan hutunka bai kai kwana takwas na zuwa da takwas na dawowa ba, ka nemi direba na biyu, ko Mama da jaririya su bi jirgi. Ko da direba na biyun ma ban yarda da tafiyar dare ba a hanyar da ba ka sani ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, gyangyaɗin daƙiƙa uku ya fi mita 80 ba mai tuƙi. Barci ya fi kama direba daga tsakar dare zuwa asuba, sai kuma bayan cin abincin rana. Ku riƙa tashi gari na wayewa, ku sauka masauki da sauran hasken rana.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne sunan da ke kan takardar motar, kai kuwa a ƙarshe ka ambace shi kamar ƙaramin abu. A wurin jami'in kwastan, mutumin da ke fita da motar da ba sunansa a kanta, ba shi da bambanci da mai fitar da motar sata ko mai shirin sayar da ita a ƙetare ba haraji, har sai ya nuna akasin haka. Cewa "ai yayana ne" ba hujja ba ce. Hanya biyu gare ka. Ko dai a mayar da rajistar motar zuwa sunanka kafin tafiya, wanda shi ya fi kwanciyar hankali, ko yayan naka ya rubuta maka takardar izini mai hatimin lauya ko kotu, ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, lambar motar, lambar shasi, ƙasashen da za ka shiga da ranakun tafiya, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. Idan ƙasashen da za ka ratsa da wani harshe suke aiki, a fassara ta a wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi. Sannan ka je da kanka ka duba lambar shasin da ke jikin motar, wadda a motocin zamani haruffa da alƙaluma 17 ce, ka gwada ta ɗaya bayan ɗaya da ta takarda. Alƙalami guda da magatakarda ya rubuta ba daidai ba ya isa ya kwanar da iyali a bakin iyaka.

Motar kuma tana da nata izinin shiga, ban da naku. Wasu ƙasashen a nan bakin iyaka suke ba da takardar shigar da mota ta wucin gadi, mai wa'adin kwanaki. Wasu kuma sai da kundin da ake kira Carnet de Passages en Douane, wanda ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa bayan ka ajiye kuɗin jingina, yana kuma aiki shekara guda. Ka tambayi ofishin jakadancin kowace ƙasa wanne take karɓa, kada ka dogara da labarin wanda ya bi hanyar shekarun baya. Kowanne ne dai, hatimin fita ya fi na shiga muhimmanci. Idan ka bar ƙasa ba a buga maka shi ba, a littafinsu motarka tana ciki har yanzu, kuma harajin shigo da ita za a bi ka.

Inshorar ƙasarku a mafi yawan lokuta a bakin iyaka take ƙarewa. Yankuna da dama suna da katin haɗin gwiwa: Green Card a Turai da maƙwabtanta, Brown Card na ECOWAS, katin da aka ƙirƙiro a 1982, da Yellow Card na COMESA a gabashi da kudancin Afirka. Ka duba cewa sunan kowace ƙasa da za ka taka yana cikin waɗanda katin ya shafa, ka kuma san cewa ɓarnar da ka yi wa wani yake biya, ba gyaran motarka ba. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa shi ma iri biyu ne aka fi sani: na yarjejeniyar Janeba ta 1949 mai shekara ɗaya, da na yarjejeniyar Biyana ta 1968 da ke iya kai shekara uku. Ba kowace ƙasa ke karɓar duka biyun ba, kuma ba ya aiki sai tare da lasisinka na gida. Ka bincika hannun tuƙi ma, don akwai iyakokin da ake sauya hannu da zarar an tsallaka, kamar tsakanin Ruwanda mai bin dama da Yuganda mai bin hagu.

Fasfo kowa da nasa, har jaririyar, kuma ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ku ɗauki takardun haihuwar yara na asali. Idan da yiwuwar ɗayanku ya dawo da yaran shi kaɗai, ku tanadi takardar amincewar ɗayan tun daga gida. Inda ake neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, ka tuna ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin yi ana gobe tafiya ba ne. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ana yin ta daga wata tara, saboda haka 'yar taku ta isa. Amma Mama da ta haura 60, likita ne zai auna ko a yi mata ko ya rubuta mata takardar uzuri.

Tun da maganar Mama ta zo, bari in tsaya a kanta. Maganinta ya zama ya wuce kwanakin tafiyar da aƙalla mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin maganin, don sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya zauna a jakar hannunta, ba a cikin but ba inda zafi ke taruwa. Idan akwai mai shan maganin ciwo irin su tramadol ko kodin, ku sani ƙasashe da yawa suna tsananta doka a kansu, ba takardar likita kada a ɗauka. Dattawa kan rage shan ruwa a hanya don kunyar cewa a tsaya, wannan kuwa yana cutar da su, ga dogon zama da ke iya sa jini ya daskare a ƙafa. Kada ka jira ta nema. Ka mayar da tsayawa duk bayan awa biyu doka, kowa ya fito ya taka ƙasa.

Jaririyar a kujerarta ta yara za ta zauna, mai fuskantar baya, a layin baya na motar. Na san uwa za ta so rungume ta idan ta fara kuka, amma hannu ba ya iya riƙe yaro a lokacin karo, komai ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. Idan ta yi kuka a tsaya a ba ta nono. Ɗan shekara 6 yana buƙatar kujerar ƙarin tsawo don bel ya bi ta kafaɗarsa, ba wuyansa ba. Kada kuma a bar yaro cikin mota a rufe yayin da kuke layin buga hatimi, ko da na minti kaɗan ne.

Ita motar, ka kai ta wurin bakanike mako biyu kafin tafiya, don abin da aka taɓa ya nuna halinsa kana gida. A yi juye, a duba birki, lagireto, bel da batir. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu: 2319, misali, na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Wadda ta doshi shekara goma a canza ta ko da zanenta bai cinye ba, kuma safaya ma a duba ta. Mutum shida da kayansu nauyi ne, sai ka bi awon iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba na mota mai cike da kaya, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Tanki ya kai rabi, ka cika.

Ranar tsallaka iyaka, ku kwana a garin da ke kusa, ku isa da sassafe, bayan ka tabbatar da lokacin buɗewa da rufewa, don ba kowace iyaka ke aiki dare da rana ba. Takardu na asali su zauna a jaka guda a hannunka, kwafi biyu a wurin maiɗakinka, hotunansu kuma a wayoyinku duka. Masu tare ka da cewa za su taimaka, kada ka miƙa musu fasfo. Jami'in da ke bayan kanta kaɗai za ka ba, duk kuɗin da ka biya kuma ka karɓi rasit. Ka sauke taswirar hanyar a waya tun kana da intanet, ka riƙe ɗan kuɗin ƙasar da za ka shiga da zai isa mai da masaukin dare ɗaya. Kafin ka tayar da mota, buɗe fasfo shidan ɗaya bayan ɗaya ka ga hatimin da idonka, ka karanta adadin kwanakin da aka ba ku, ka gwada shi da wa'adin takardar motar, don ba lallai su zo ɗaya ba. Wanda ya fi gajarta a cikinsu, da shi za ka tsayar da ranar dawowa.