Zaman karatun algoritim: ta ina za a kama?

Ɗan'uwa, ka ce kun kafa zaman karanta takardun bincike kan algoritim, wato jerin matakan warware matsala da kwamfuta ke bi, a Jami'ar Abdou Moumouni, amma kullum mutane sai raguwa suke. A ganina takardun ne suka yi musu nauyi.

Ku fara da takardar masanin kwamfuta Dijkstra ta 1959 kan gano hanya mafi gajarta, shafi uku ce kacal. Mai gabatarwa ya zana Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Tawa a allo, ya ƙara hanyar Filinge, ya sa nisa, a bi matakan da alli ɗaya bayan ɗaya. Sai wani ya sa wa wata hanya nisan da ya gaza sifili, ku nemo inda hujjar Dijkstra ta karye. Nan gardama mai daɗi take tashi, kuma ita za ta kai ku ga Bellman-Ford, algoritim ɗin da ke aiki ko da nisa ya gaza sifili, mako mai zuwa.

Sababbin takardu suna arXiv, shafin intanet na takardun bincike, kyauta. A tura takardar da za a karanta ta WhatsApp tun da sauran mako, a buga kaɗan a takarda saboda ɗaukewar wuta. Zaman awa ɗaya, bayan la'asar, ya isa.

Idan malami zai zo, ku roƙe shi ya yi magana daga ƙarshe, don ɗalibanmu ba sa musu a gaban malam.