Filasta mai kauri ba a yin ta tashi ɗaya

Kai ɗan nan, wai me ya sa in bango ya karkace ba za a danƙara masa filasta mai kauri sau ɗaya a huta ba? Da ba don abin da tambayar nan ta tono min ba wallahi da ban kula ka ba.

Siminti nauyi gare shi kuma in yana bushewa tsukewa yake, kauri ya haura santimita 2 a shafa ɗaya to ko ya zame ko ya tsattsage ya saki bulo. Hawan farko ka watsa shi da ƙarfi, ka kakkarce fuskarsa tun yana ɗanye, kai ta ba shi ruwa safe da yamma har ya kama, sannan na biyu ya hau, kuma kar simintinsa ya fi na ƙasan. Kwaɓi kuwa ba zan ɓata bakina ba.

Wani mai gida ya taɓa kirana, bangonsa ya yi ciki, na ja igiya na nuna masa da idonsa na ce hawa biyu ne. Ya ce simintinsa nake so in cinye, ga bikin 'yarsa ya matso. Na ƙi. Ranar da na tafi ta'aziyya ya lallaɓa yarana da kuɗin shayi suka danƙara gaba ɗaya, cikin hunturu fa, iska na zuƙe ruwan, ya sa aka bi da fenti ko bushewa bai yi ba. Kafin damina ka ƙwanƙwasa bangon ka ji kamar ganga. Mutumin nan ya hana ni cikon kuɗina ya bi unguwa yana cewa ban iya aiki ba, ni! Aikin da na rasa saboda bakinsa Allah kaɗai ya sani, har yau ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu komai sauri. Je ka kalli masu titi, jar ƙasa su danne da rola, tsakuwa su danne, kwalta ce ƙarshe. Malaminka na allo bai ba ka farfaru ba sai da babbaƙu suka zauna. Magina na da, irin su Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, 'yan layukan tubali suke jerawa su bari ya sha rana kafin su ɗora, yaɓe ma sai gini ya bushe.

Gobe da sassafe ka jiƙa bangon bayan nan kafin in iso, kuma ka ajiye min wayar nan taka.